Cinikin da Malam Lawali Ya Yi da Faisal

A unguwar Darrasa ta Alƙahira, in ka ce kana neman Malam Lawali, za a tambaye ka: na tuwo, na ƙwallo, ko na wankan gawa? Kada ka wahalar da kanka, duk mutum ɗaya ne. Gajere ne mai tumbi, mutumin Talata Mafara, wanda ya zo Alƙahira karatu tun gemu bai fito masa ba, ga shi yanzu furfura ta cinye rabin gemun. Karatun bai ƙi shi ba, shi ma bai ƙi karatun ba, zama ne dai ya yi tsawo har kowa ya kama gabansa. Ya kama ɗan shago a wani lungu bayan masu sayar da littattafai. Matarsa Dije tana tuƙa tuwo a sama, shi yana sayarwa a ƙasa, duk ɗalibin da waken Misirawa ya gundure shi can yake zuwa ya sha miyar kuka ya tuna gida.

Wankan gawa kuwa ba shi ya nema ba. Yana sabon zuwa abokin ɗakinsa ya rasu, ɗalibai suka tsaya cirko-cirko, kowa ya karanta babin jana'iza a littafi amma ba wanda ya taɓa sa hannu. Lawali ya sha ganin mahaifinsa yana yi a gida, sai ya naɗe hannun riga. Tun daga ranar, duk ɗan Arewa da ya cika a Alƙahira, shi ake kira. Wankan bai taɓa ba shi tsoro ba. Abin da ke kashe masa jiki shi ne wayar da ke biyo baya, don shi ake miƙa wa ita ma. Uba zai ga lambar Masar, ya ɗauka da murna yana cewa, "Ina malamin nawa?" Daga nan sai Lawali ya nemi bakin da zai yi magana da shi. Bayan kowace irin wannan waya yakan yi kwanaki bai ci tuwon matarsa ba. Addu'arsa kullum ita ce kada Allah ya sake haɗa shi da ita.

Shi ya sa yake son ƙwallo kamar ransa. A fili ne kawai yake ganin samari suna gudu, suna ihu, suna zagin alƙalin wasa, jini na yawo a jikinsu. Shi ya kafa ƙungiyar Darrasa, ɗaya daga cikin ƙungiyoyi huɗu na ɗaliban Arewa da ke karawa ranar Juma'a bayan la'asar a wani filin haya. Sauran su ne Faisal, Giza da Abbasiyya, kowace da sunan unguwarta.

Suna da wata al'ada da suke kira zaɓen baƙi. Duk shekara in sababbin ɗalibai sun sauka daga gida, sai a tara masu taɓa ƙwallo a cikinsu a buga wasan gwaji, kociyoyi na zaune a gefe suna leƙe kamar masu sayen rago. Daga nan a yi zaɓe bi da bi. Ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe bara ita ke fara ɗauka, don ta samu ta farfaɗo. Amma gatan yana da iyaka: wadda ta zo ta ƙarshe shekara uku a jere, rushe ta ake yi, a raba 'yan wasanta, a ba wasu gurbinta. Darrasa ta riga ta yi biyu. Har suna aka sa mata, Gidan Tsofaffi, don rabin 'yan wasanta masu digiri na uku ne da ke haki tun wurin ɗaura takalmi.

A wannan shekarar baƙin sun zo da wani yaro ɗan Jos, Zaid, siriri mai gudu kamar an koro shi. Kowa ya san wannan yaron Lawali zai ɗauka. Lawali kuwa ya daɗe da daina yarda da wasan gwaji. Yaron da ya fara ɗauka bara ya yi abin mamaki ranar gwaji, wata guda bayan haka ya shiga hadda ya ce ƙwallo ɓata lokaci ce. Na shekarar da ta gabace ta sanyin Alƙahira ne ya kwantar da shi, bai miƙe ba sai da aka gama gasa. Idon Lawali yana kan wani daban: Mu'tasim, ɗan tsakiyar Faisal, Bahaushen Sudan da yaƙi ya koro daga Omdurman shi da mahaifiyarsa. Dogo ne, ba shi da yawan magana, in ƙwallo ta zo ƙafarsa sai wasa ya natsu. Ba ya cin ƙwallo da yawa, rabawa yake yi, amma rabon da ko gurgu ya samu sai ya jefa a raga. Shi ya ɗaukar wa Faisal kofi sau biyu, kowa ya gani da idonsa.

Lawali ya hau ƙaramar bas ya tafi Faisal wurin kocinsu, Maikano, wani Bakano mai sayar da turare. Ya ce masa, "Ka ba ni Mu'tasim, in bar maka zaɓin fari na bana."

Maikano ya ɗan dube shi. "Da na baɗi."

"Da na baɗi."

"Khalas, an gama, na ba ka," in ji Maikano.

Shi ke nan cinikin, ko shayin da aka kawo bai huce ba. Lawali ya dawo gida bakinsa har kunne. Dije tana kwashe tuwo ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce, "Malam, Maikanon da ke neman ragi a kan kwanon tuwo, shi ne ya sakar maka ɗan wasansa ba ja-in-ja?"

"Ke me kika sani a ƙwallo? Ya ga yaro mai gudu ne, kwaɗayi ya kama shi."

Ta ce, "To, Allah ya sa haka ne," ta ci gaba da aikinta.

Da farko kam haka ya zama. Darrasa ta ci wasa uku a jere. Tsofaffin nan da ake wa dariya suka fara cin ƙwallaye, su kansu suna mamakin kansu. Shagon Lawali ya cika da masu gardama, wasu na cewa ya sayar da gobe don ya ci yau, shi kuwa yana bubbuga tumbi yana cewa wanda bai tsira yau ba ina ruwansa da gobe. Bai taɓa jin daɗin duniya irin na waɗannan makonni ba.

Wata ranar Talata da hantsi, shago ba kowa, sai ga wata dattijuwa lulluɓe da mayafin Sudan ta tsaya a ƙofa, riƙe da 'yar leda. Ta ce ita ce Umma, mahaifiyar Mu'tasim, tun daga Faisal ta taso. Lawali ya yi maza ya jawo mata kujera. Ta ajiye masa ledar, soɓorodo ne da busasshiyar kuɓewa.

"Godiya na zo yi, Malam," in ji ta. "Mu'tasim ya ce mini kai ka ɗauke shi ka mai da shi mataimakinka. Ya ce yanzu a gefe yake tsayawa yana koya wa yara, ba ya gudu."



"Tun da likita ya duba zuciyarsa bara ban yi barcin kirki ba. Ya ce masa in ya ci gaba da wannan gudun, wata rana tsayawa za ta yi, ba sallama. 'Ya'yana maza uku ne, Malam. Biyu suna ƙarƙashin ƙasa a Omdurman, ko kabarinsu ban sani ba. Shi kaɗai na fito da shi." Ta dube shi ido cikin ido, ta daɗe. "Na ba ka amanarsa."

Lawali ya ji bakinsa ya ce, "Insha Allahu, Umma." Ya raka ta har bakin titi ya sa ta a mota. Da ya dawo ya zauna a kan buhun shinkafa. Tsoron nan da ya sani, na riƙe waya ana jiran a ɗauka, shi ne ya sauko masa, alhali ba wanda ya mutu.

Ya kira Maikano. Bai ko gaishe shi ba. "Ka sani?"

Maikano ya ce, "A gabana ya faɗi wurin atisaye, Malam. Mun ɗauka ya tafi. Na ce ya daina, ya ƙi. In na ajiye shi a benci yarana su cinye ni ɗanye, in na sa shi ba na iya kallo. Ana haka sai ga ka da ƙafarka."

"Shi ne ba ka gaya mini ba?"

"Ma'alish, ka yi haƙuri. Na ga kai ka fi mu sabawa da irin waɗannan abubuwa."

Lawali ya kashe wayar. Zagi iri-iri ya zo masa baki daga baya, amma ba wanda ya kai nauyin abin da aka gaya masa.

Da yamma ya sa aka kira masa Mu'tasim, ya ja shi bayan shago inda ake wanke kwanuka. Mu'tasim bai musa komai ba. Ya jingina da bango yana kallon ƙasa har Lawali ya gama faɗa.

"Ya Ammu," ya ce a hankali, don haka yake kiransa, wato baffa, "da safe ina ɗaukar kaya a kasuwa, sunana kai ɗan Sudan. Wurin takardun zama, sunana lamba. A gida ina kallon Umma tana kallon bango. Ranar Juma'a kaɗai ake kirana Mu'tasim. Ita ma za ka karɓe?"

"In ka faɗi fa? Wa zai je ya gaya mata?"

"Ajali ba a fili kaɗai yake ba. Yayyena ba ƙwallo suke bugawa ba." Ya kama hannun Lawali da hannu biyu. "Don Allah kada ka gaya wa yara. Kada ka gaya wa Umma. Zan rage gudu, wallahi."

A nan ne Lawali ya yi rauni, ya yi masa alkawarin ba zai gaya musu ba, ba kuma don tausayi kaɗai ba. Ya riga ya zubar da zaɓin shekara biyu. In ya ajiye Mu'tasim ba shi da kowa, ba kuma wani baƙo da zai zo ya cece shi. Sai ya zaɓi rabi da rabi, wanda shi ne mafi munin zaɓi: ya sa shi a farkon wasa, ya cire shi da an tafi hutu, yau ya ce ƙafa, gobe ya ce dabara ce.

Juma'a ta zama masa azaba. A masallaci liman na huɗuba, shi yana lissafin tsawon Mu'tasim ba da son ransa ba, irin lissafin da hannunsa ya saba yi in za a yanka likkafani, sai ya yi ta a'uziyya. A fili ya daina kallon ƙwallo. In aka ci, sai ya ji ihu ya tambayi na kusa da shi wa ya ci. Ƙirjin mutum ɗaya yake kallo, yadda yake hawa da sauka. In aka taɗe Mu'tasim ya faɗi, Lawali ba ya numfashi sai ya ga ya motsa. Ya rame, wandonsa ya fara zamewa. Dije, wadda ita kaɗai ya gaya wa, ta ce masa, "Malam, ka ajiye yaron nan gaba ɗaya. Ƙungiya ba rai ba ce." Ya ce saura kaɗan a gama.

Rabin Mu'tasim bai ishi Darrasa ba. Duk abin da ya gina kafin hutu, tsofaffi sai su rushe bayan hutu. Maki ya yi ta zubewa, har aka zo wasan ƙarshe Darrasa na laƙe a gindin teburi. Da Faisal za a kara. In aka yi canjaras ma Darrasa ta tsira, in aka cinye ta, shi ke nan.

Kafin a fara, 'yan wasan suka kewaye Lawali. Kyaftin ɗinsu ya ce, "Baba Lawali, yau kam ba dabara. Mu'tasim zai buga har ƙarshe." Lawali ya dubi Mu'tasim, Mu'tasim ya kau da kai. Lawali ya ce to.

Ranar akwai sanyi, amma gumi yake yi. Mu'tasim ya yi wasan da ba a taɓa ganin ya yi ba. Ya raba wata ƙwallo ta ratsa tsakanin mutum uku ta sami kyaftin shi kaɗai gaban raga, aka ci. Aka tafi hutu Darrasa na gaba da ɗaya. Lawali ya miƙa masa ruwa, ya ga leɓɓansa sun yi fari kamar ya lashi toka.

"Lafiya?"

"Tamam, lafiya lau, ya Ammu."

Aka koma. Faisal ta taso da ƙarfi, Zaid ɗan Jos da Maikano ya ɗauka yana tsaga gefe kamar ba gobe, Mu'tasim ne ke komowa baya yana tare shi. Sau ɗaya, sau biyu. A wani dogon gudu da suka yi ƙwallo ta fita waje, sai Mu'tasim ya durƙusa a kan gwiwa ɗaya kamar zai ɗaura igiyar takalmi. Kowa ya ɗauka haka ne. Lawali kaɗai ya ga igiyar a ɗaure take, ya ga kuma ɗaya hannun yana cikin riga, dafe da ƙirji. A take ya ga matakalar gidan Umma a ransa, ya ga kansa yana hawa.

Bai san lokacin da ya shiga fili ba. Ya tsaya a kan Mu'tasim ya ce, "Fito."

"Ba komai, yanzu zai wuce."

"Na ce ka fito."

"Wallahi ba zan fita ba."

Lawali ya juya ya ɗauki ƙwallon, ya rungume ta a tumbinsa, ya ce wa alƙali ko wannan ya fita ko shi ya janye ƙungiyarsa yanzun nan. Fili ya kaure. 'Yan wasansa na roƙo, 'yan kallo na ihu, wani ya ce an saye shi, wani ya ce tsufa ne. Wani yaro da ya ci tuwonsa bashi shekara guda ya kira shi maci amana. Bai gaya wa kowa dalili ba, don ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Mu'tasim ya miƙe a hankali, ya cire rigar Darrasa ya ajiye a ƙasa gaban Lawali, ya fice daga filin bai waiwayo ba.

Zaid ya ci biyu kafin a tashi. A makon aka rushe Darrasa, aka raba tsofaffinta. Zaɓin fari na baɗi, wanda da na mai ƙarshe ne, ya tafi wurin Maikano kamar yadda aka yi ciniki. Shagon ya yi shiru na wani lokaci, amma yunwa ba ta riƙe fushi, ɗalibai suka dawo ɗaya bayan ɗaya. In sun tambaye shi dalili sai ya ƙara musu miya.

Ya ɗauka aƙalla tsoron ya ƙare. Sai labari ya zo masa cewa Mu'tasim ya koma bugawa duk Juma'a da 'yan Sudan a wani fili can cikin Faisal, inda ba zaɓen baƙi, ba koci, ba mai cire kowa. Lawali ya je ya sami mai haɗa wasan ya gaya masa komai. Mutumin ya saurare shi da ladabi, ya ce, "Ya Hajj, mu da muka fito daga inda muka fito, wa zai hana wani abin da ke sa shi dariya?"

Saura mutum ɗaya. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Lawali ya karya alkawarinsa, ya nufi gidan Umma. Bene ne dogo, matakala ƙunci, warin soyayyar albasa a kowane hawa. Yana hawa yana shirya magana. Abin da bai shirya ba shi ne abin da fuskarsa take nufi a ƙofar mutane. Ya ƙwanƙwasa. Umma ta buɗe, ta ga Malam Lawali mai wankan gawa tsaye shi kaɗai ranar Juma'a, hula a hannu. Ta zame jikin ƙofa tana salati.

"Yana raye!" Lawali ya faɗa da ƙarfi, har maƙwabta suka leƙo. "Umma, yana raye! Wallahi yana raye!"

Tun da yake zuwa wa iyaye da labarin 'ya'yansu bai taɓa faɗin wannan kalma ba. Ya durƙusa a bakin ƙofar, hawaye na bin gemunsa, ya gaya mata gaskiya duka: Mu'tasim bai taɓa zama mataimakin kowa ba, bugawa yake yi, shi Lawali ya sani ya ci gaba da sa shi, yanzu kuma ya fita daga hannunsa.

Umma ta share fuska da gefen mayafi. "Ka ɗauka ban sani ba? Ni nake wanke masa safa." Ta numfasa. "In na nuna masa na sani, zai daina yi mini ƙarya, ya bar gidan. An ce mini kai ne mutumin da ya san abin da mutuwar yaro take yi wa gida. Shi ya sa na zo wurinka, ban je wurin wancan kocin ba."

"Ai ba ni da ƙungiya yanzu, Umma. Ba ni da ikon cire shi."

"Ban ba ƙungiya amana ba." Ta dubi hasken da ke shigowa ta taga. "La'asar ta kusa. Ni ba zan iya kallo ba. Je ka tsaya mini."

Yau in ka je shagon Malam Lawali ranar Juma'a da yamma, Dije za ka tarar. Shi yana Faisal, a gefen wani fili mai ƙura tsakanin benaye, cikin mutanen da ba su san sunansa ba, riƙe da gorar ruwa, da lambar motar asibiti a saman wayarsa. Mu'tasim har yanzu ba ya yi masa magana. Amma in an tafi hutu yakan zo ya karɓi gorar ya sha, ya miƙa masa, ya koma. Lawali ba ya sanin wa ya ci wasan. In an tashi ya ga dogon nan ya fita da ƙafafunsa, sai ya kira Umma ya ce, "Ga shi nan tafe." Daga nan ya nemi motar Darrasa, ya fara jiran wata Juma'ar.